Baffa Mai Buzuzu

Ban taɓa zaman makokin da aka sha dariya irin na Baffa ba. Kowa ya shigo zai durƙusa ya yi mana gaisuwa yadda ya kamata, ya ce na Allah ne mu duka, wurinsa za mu koma, Allah ya ba mu haƙuri. Amma da zarar mutum ya zauna ya sha ruwa, sai ka ga kafaɗarsa ta fara rawa. Wata tsohuwa da ta zo daga Pantami tun daga zaure ta taho da kukanta. Tana cikin share hawaye idonta ya faɗa kan tulin kashin shanun da ke bayan ɗakina, ta ce ashe har yanzu abin nan yana nan, ta fashe da dariya har mayafinta ya zame. Goggo, ƙanwar Baffa da ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, ta harare ta ta ce gidan mutuwa ne fa. Ba a jima ba ita ma Goggon ta juya mana baya tana goge ido, kuma wallahi ba kuka take yi ba.

Wajen maza ma haka abin yake, muna jiyo su ta kan katanga. Wani ya tuna ranar da Baffa ya ɗaga wa mai keke sanda a tsakiyar hanya, ya hana shi wucewa sai da buzuzu ya gama tsallakawa da ƙwallonsa. Wani ya ce shi ya taɓa gaishe shi a kasuwar shanu, gaisuwa kawai, bai kuɓuta ba sai da aka kira azahar. Liman da kansa ya ce shekara da shekaru Baffa yana binsa salla a sahun farko, bai taɓa ganin aljihunsa babu abin da ke motsi a ciki ba.

Ni ma na yi dariyar, ban ɓoye ba. Sai dai ina tsoron kada ita kaɗai ta rage, a riƙa cewa ai wani tsoho ne a unguwar Malam Inna da ya ƙare rayuwarsa yana bin ƙwaron kashi. Shi ya sa na zauna zan faɗi nawa. Ni matar ɗansa ce, sunansa ba zai fita daga bakina ba. Baffa dai kowa ke ce masa, har 'ya'yan da ya haifa.

Ni mutuniyar Borno ce. Ɗansa na uku ya je garinmu koyarwa, ya aure ni, muka haifi mace da namiji. Ranar da aka shiga garin da bindigogi ya fita ya ga abin da ake ciki a makaranta, bai dawo ba. Ba zan tsaya a nan ba, don ba labarin da na zo bayarwa ke nan ba. Na dai iso Gombe da yara biyu da ƙullin kaya ɗaya, gidan surukin da sau ɗaya na taɓa ganinsa, shi ma ta ƙasan mayafi. Yana zaune a zaure da muka sauka. Bai ɗago ya dube ni ba, ya ce da bango, “Jabbama,” wato sannu da zuwa da Fulatanci, ya sa aka share mana ɗaki.

Na yi takabata a gidan. Tana ƙarewa maganar da nake gudu ta taso. Yaya, babban ɗan Baffa, wanda ke aiki a wani gari, ya ce yaran na gidan nan ne, zai ɗauke su ya sa su makaranta tare da nasa, ni kuma in nemi dangina inda suka watse, ko Allah zai kawo mini wani mijin. Ba da mugunta ya faɗa ba, haka aka saba yi. Goggo ta goyi bayansa. Ni kuwa na san in aka raba ni da yaran nan to ba abin da ya rage mini a duniya. Ba ni da bakin magana, kuma wanda ke da bakin ya yi shiru abinsa. Baffa bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ci gaba da shiga ɗakin ƙwarinsa yana fita.

Sai in faɗi yadda ɗakin nan yake. Baffa tsohon ma'aikacin kula da lafiyar dabbobi ne, ɗan makiyaya, ya yi yawon rugage har ya gaji. A wurin wani malaminsu na makarantar aikin gona ya koyi yadda ake kafe ƙwaro da allura a busar da shi, sai abin ya shiga ransa bai fita ba. Ya tara akwatunan katako masu murfin gilashi, kowanne cike da buzuzu a jere, daga mai girman ƙwayar gero har wanda ya cika tafin hannu. Ɗakin yana can ƙarshen gida, sashe guda ne da ɗan fili, warin kafur da na taki ya kama ko'ina. Ba mai zuwa wajen in ba dole ba.

Shi a wurinsa buzuzu ba abu ɗaya ba ne. Yakan ce ka fara duba 'yan gashin nan biyu na kansa: in ƙarshensu yana buɗewa kamar mafici, to ɗan gidan ne, ko da kore ne mai shan mangwaro, ko ja-ja ɗin nan da ke faɗa wa mutane cikin miya da damina. Masu cin kashi kuma ya kasa su uku bisa ga yadda suke aiki. Akwai masu gungurawa, su ne masu dogayen ƙafafun baya, su dunƙule rabonsu su tura shi nesa. Akwai masu binnewa, gajeru masu ƙirji da ƙaho, su haƙa rami a ƙarƙashin kashin su ja shi ciki. Sai mazauna, 'yan ƙanana, su ba sa kai komai ko'ina, inda suka samu nan suke ci nan suke kwana. Har mutanen gida ya raba haka. Yaya mai gungurawa ne, duk abin da ya samu sai ya kai wani gari. Goggo mai binnewa ce, in ta ajiye daddawa ko ita ba ta sake ganinta. Ƙanin mijina da ya gama makaranta yake kwance a zaure kuwa, ba sai na faɗa ba.

Lokacin da na zo yanar ido ta fara rufe masa gani. Yana ganin mutum, yana ganin hanya, amma haƙoran ƙafar ƙwaro sun gagare shi ko da gilashinsa na ƙara girma. Ya nemi 'ya'yansa su duba masa, kowa ya toshe hanci ya ce yana da uzuri.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa ina zaune a ɗaki, na gama kukana na asuba, sai na ga faifai ya shigo ta ƙarƙashin labule. A kansa akwai wani baƙin ƙwaro da gilashin Baffa. Na tsorata, don suruki ba ya zuwa ƙofar matar ɗansa, balle Bafulatani mai kunya irin tasa. Sai na ji ya yi gyaran murya daga can gefe, ya ce, kamar da iska yake magana:

“A tambayar mana Barebari, su da suka iya ƙirga zanen fuskarsu, ko za su iya ƙirga mana haƙoran da ke ƙafar gaban wannan bawan Allah.”

Bai kamata in amsa wa suruki ba. Amma wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari tun kaka da kakanni ne, in an tsokane ka ba ka rama ba ka ba da mutanenka. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce a gaya wa Fulani huɗu ne, kuma muna yi musu jaje, tun da shanu sun ƙare musu har sun koma kiwon abin da ke bin bayan shanu. Dariyar da tsohon nan ya yi sai da ta zame masa tari. Goggo ta leƙo daga madafi da muciya a hannu tana tambaya ko lafiya.

Haka muka samu hanya. Da matar ɗansa ba zai iya magana ba, amma da Barebari sai ya wuni yana yi. Bai taɓa ce mini “ke” ba, ni ma ban taɓa ɗaga labulen ba. Faifai ya shigo, in ɗauki gilashi in faɗi abin da na gani, shi kuma daga waje ya yanke wane iri ne, wane akwati zai shiga. Da farko nakan ce ai irin na jiya ne, sai ya ce a'a, Barebari sun fiya gaggawa, kada a ba shi suna, a ba shi kamanni. Goshin a zagaye yake ko yana da tsaga? Ƙaho ɗaya ne ko biyu, a kai yake ko a ƙirji? Layukan bayan nan masu zurfi ne ko shafe? Baƙin nasa mai sheƙi ne, ko in an karkata shi wajen haske yana komawa kore? Sai na gama duka yake cewa to, yanzu a iya kiran sunansa. Wani lokaci ya faɗi wani dogon sunan boko da ko shi sai ya huta a tsakiya, wani lokaci ya ce wannan bai san shi ba, a ajiye shi gefe. Ranar da duk aka samu wanda bai sani ba, ranar ya fi kowace rana murna, har goro yake rabawa.

Ban ankara ba na ga na daina kukan asuba. Ina idar da salla sai in kasa kunne ko zan ji ƙarar faifai a ƙasa. Wannan abin kunya ne a ce mace mai 'ya'ya biyu tana ɗokin ƙwaron kashi, amma gaskiya ce.

A shekarun nan Gombe ma ba a zaune lafiya take ba. Ko'ina shingen bincike, in ka ajiye leda a tasha ka matsa sai mutane su watse. Mu da muka zo daga Borno kuwa, wasu sun riƙe mu hannu biyu, wasu in mun wuce sai su yi ƙasa da murya. A cikin wannan hali Baffa ya ga ya dace ya kafa tarkonsa. Yadda yake yi shi ne ya binne gwangwanin madara har baki, ya gicciya waya a kai ya rataya ɗan ƙullin ɗanyen kashi a tsumma, duk buzuzun da ya biyo wari ya faɗa ciki. Ya je ya jera su a bayan katangar makarantar unguwa, inda shanu ke bi. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa ba abin faɗa ba ne.

Da gari ya waye wani mai tura ruwa ya hango gwangwanaye a binne da waya da ƙulli. Ya saki kurarsa ya zura da gudu yana ihun bam. Kafin a ce me, an kwashe yara daga aji, mata sun fito ba takalmi, mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta. Jami'an tsaro suka zo suka ja igiya suka kewaye wurin. Ina ɗaki na ji wata murya a waje tana cewa ai ba sai an yi nisa da bincike ba, ga gidan da aka sauke mutanen Borno can. Na san mu ake nufi. Na jawo yarana na ɗaure ƙullin kayana, na zauna a kai ina jiran a shigo.

Sauran labarin a bakin maƙwabta na ji, kuma an maimaita shi a zaman makoki har ba adadi. Wai sai ga Baffa ya taho da sandarsa da ƙwaryarsa, ya ɗaga igiyar ya shige. Aka daka masa tsawa aka ce ya tsaya, ya ce ba zai tsaya ba, rana tana yi za su mutu masa. Ya durƙusa ya zaro gwangwani ya juye a ƙwarya, mutane suka kwanta a ƙasa suna salati. Da ba abin da ya tashi, babban jami'in ya matso ya leƙa, ya ga ƙwari suna ta hawa kan juna. Kuskuren da ya yi shi ne da ya tambayi Baffa mene ne wannan. Aka ce tsohon nan ya riƙe masa hannun riga, ya fara daga masu gungurawa, ya bi ta kan masu binnewa, bai kai ga mazauna ba mutumin ya ce Baba don Allah a yi haƙuri, ana jiransu a wani wuri. Ya dai roƙe shi in zai sake binnewa ya sanar da mai unguwa.

Unguwa ta yi wata guda tana dariya, amma Baffa bai yi ba. Ya ji maganar da aka yi a kan gidansa. A ranar, bayan sallar la'asar, ya miƙe a masallaci ya ce gwangwani nasa ne, wauta tasa ce, ya ba kowa haƙuri. Sannan ya ce wanda ya nuna gidansa da yatsa, da ya zo ya duba tukuna, da zai tarar da marayu biyu da uwarsu suna shan koko. Ya ce shi ko ƙwaro ba ya sa wa suna sai an gaya masa kamanninsa. Bai ambaci kowa ba, amma da yamma matar wani maƙwabcinmu ta aiko mini da tuwo da miyar kuka har da nama.

Wannan abin ne ya sake tayar da maganar tafiyata. Yaya ya kira waya ya ce ga irinta nan, gida zai shiga bakin mutane. Goggo ta samu Baffa a tsakar gida ta zazzage masa. Ta ce ya tara mata kashi a gida ta yi shiru, ya mai da su abin dariya a gari ta yi shiru, yanzu kuma yarinya tana zaune ba aure ba ranar tafiya, ya bari a kai yaran inda za su yi karatu. Shi ma ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba, ya ce tun suna yara ita ba ta iya kallon abu ba sai ta share shi. Ta ce to shi ya kalla, ita ta daina dafa masa fura. Kuma ta daina ɗin. Suka yi kwanaki ba mai ce wa wani ci kanka, in za su yi magana sai dai a aiki ƙanin mijina.

Ana cikin haka Baffa ya haƙa ƙarƙashin tulinsa ya fito da gidan wani buzuzu mai binnewa, baƙi mai sheƙi. A ciki akwai 'yan ƙwallaye masu kamar ƙwai, kowanne da ɗa a cikinsa, uwar tana zaune a tsakaninsu. Ya raba ƙwallayen a tsofaffin kwanoni biyu da ƙasa mai laima, ɗaya ya sa uwar, ɗaya babu, ya rufe, ya ajiye su daidai ƙofar madafin Goggo. Ta ce za ta zubar. Ya aika a gaya mata ta zubar in ta isa. Ba ta zubar ba, don Goggo da son ganin ƙwaƙwaf, ni da kaina na sha ganinta tana ɗaga murfin in ta zaci ba mai kallo.

Bayan wani lokaci ya kira ta ya buɗe. Na wajen uwar suna nan sumul, ta bi su tana shafewa tana toshe duk inda ya tsage. Na ɗaya kwanon kuwa sun yi fumfuna, wasu sun fashe. Ina jin su daga bayan labule. Goggo ta ce ai abinci iri ɗaya ne a cikinsu. Baffa ya ce ƙwarai, abinci ɗaya, ƙasa ɗaya, inuwa ɗaya.

“To na gani,” in ji Goggo. “Ka kwashe mini ƙazantarka daga ƙofa.”

Da yamma na ji tana dama fura. Daga ranar ba ta sake ta da maganar tafiyata ba, ko Yaya ya kira sai ta ce a bari tukuna. Amma ni hankalina bai kwanta ba. Na san yarana ba su da gado a gidan nan, tun da ubansu ya riga kakansu tafiya kuma ga baffanninsu a raye. Zamanmu duk a kan numfashin tsohon nan yake, shi ma ya sani.

Da babbar salla ta zo gida ya cika, 'ya'ya da jikoki, har Liman da maƙwabta sun shigo cin nama. Ana tsakiyar raha Baffa ya ce yana da tambaya: in ya mutu wa zai riƙe masa ƙwarinsa? Aka kwashe da dariya. Ya bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, Yaya ya ce ya yafe duniya da lahira, matan suka ce Allah ya kiyaye, ƙanin mijina ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba ya so. Baffa ya ce to su sani akwatunan ba sa ƙaura, wanda ya ɗauke su da sashen da filin da tulin zai ɗauka. Suka ce an yafe, wa zai kwana a cikin wannan wari. Sai ya juya wajen Liman ya ce a shaida, ya ba Barebari da 'ya'yansu kyauta, halak malak, tun da su dai ba su san wari ba. Aka yi ta yi mini dariya ana cewa sannu da gado. Ya kuma kafe lallai a ranar za mu tare. Haka na kwashi tabarmata da yarana, ana tafa mini, muka koma cikin kafur. Shi kuma ya dawo ɗakin zaure.

Mun yi shekaru a haka. Na koyi canza kafur, na koyi shanya akwatuna in damina ta yi nauyi don kada su yi fumfuna. Ya koma shi ke zuwa ƙofar ɗakin da yake nasa a da, ya zauna a kan buzunsa, faifai yana shiga yana fita. Idonsa ya ƙarasa rufewa, amma in na kwatanta masa ƙwaro sai ya ce a duba cikinsa za a ga gashi ja, in juya in tarar da shi. Ciwonsa na ƙarshe bai yi tsawo ba. Ranar da abin ya yi tsanani na ajiye kunya na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ji motsina ya tambaya ko Barebari ne. Na ce su ne. Ya ce, “Useko,” wato an gode. Bai ƙara ba.

Bayan sadakar bakwai aka zauna maganar gida. Yaya ya ce za a raba kowa ya san nasa, yaran zai tafi da su kamar yadda ya yi niyya tun farko, akwatunan kuma a nemi wata makaranta ko za ta karɓa. Wani ya tuna masa maganar ranar salla, Yaya ya ce haba, ai wasa ne Baffa yake yi da Barebarinsa. Ina bayan ƙofa ina jin su.

Sai Goggo ta miƙe. Ta ce ita ta fi kowa tsanar ƙwarin nan, kuma ita ta fi kowa sanin mai su: yayanta yana wasa da komai, amma bai taɓa wasa da buzuzu ba. Ta ce da kunnenta ta ji kowa ya ce ya yafe, wanda bai faɗa ba ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Liman ya ce shi ma shaida ne, an bayar, an karɓa, an tare a ranar, wannan sashen ba ya cikin abin da za a raba. Goggo ta dubi Yaya ta ce batun yara kuma, in yana son biya musu makaranta ga makaranta nan a bayan gida, amma ba mai ɗaga su daga gaban uwarsu tana raye, ita an nuna mata a kwano ta gani.

Yaya ya dubi tabarma. Can sai ya fara murmushi, ya girgiza kai ya ce wato duk dariyar da suka sha ranar nan, Baffa yana zaune yana kallonsu ne kawai. Ya ce shi ke nan, mai gungurawa zai gungura ya koma inda ya fito, kuɗin makaranta kuma yana wuyansa. Aka yi dariya aka shafa fatiha. Ni dai ina bayan ƙofa na toshe bakina da mayafi, na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar da aka fita da gawar Baffa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka masa kabarinsa fiye da yadda idonsa ya yi duhu a ƙarshe, ya saka masa da inuwar da ya yi wa marayu. In ana ba da labarin gwangwani a yi dariya, ya halatta, shi ma da yana nan da ya taya. A dai haɗa da wannan.

Ruwan farko na bana ya sauka bayan rasuwarsa da 'yan makonni. Da safe na fita bayan ɗaki na tarar tulin yana ta motsi. Na ɗauki wani da ban taɓa ganin irinsa ba, na koma ciki na zauna inda na saba, na ɗauki gilashi. Ban san na fara magana a fili ba: goshi mai tsaga, ƙaho biyu a ƙirji, baƙi amma in an karkata shi yana komawa ja. Na kai ƙarshe na yi shiru ina jiran a yanke, sannan na tuna ba kowa a kan buzun.

Sai na ji an ja kujera a bayan labule, an zauna da nishi irin na masu ciwon gwiwa.

“A gaya wa Barebari ba su gama ba,” in ji Goggo. “Ba su faɗi ƙafafun baya ba.”